Ra'ayinmu: A Kai Su Kazaure?

A ƙarshen watan Maris na 2025 labari ya iso Arewa cewa 'yan sintiri sun tare wata babbar mota a garin Uromi na Jihar Edo, sun sauke waɗansu mafarauta da suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano yin Sallah, sun ga bindigogin farauta tare da su, suka ce ai masu garkuwa da mutane ne. Kafin hukuma ta yi wani abu gungun jama'a sun kashe mutum 16, an kuma cinna musu wuta. A cikin wannan mako ɗaya daga cikin masu shirya mujallar nan yana cikin motar haya a kan hanyar Kano zuwa Daura, ana ta jimamin abin, sai wani dattijo da ke gidan gaba ya juyo ya ce, "Wallahi mutanen nan ba su da hankali. Da ni ne gwamnati, da sai in kwashe su duka in kai su Kazaure." Aka yi tsit, kowa ya gyaɗa kai. Wanda ya tashi a wannan yanki ba ya bukatar a fassara masa maganar. Asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ake nufi, inda mutanen Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura, har da na nesa, suke kai 'yan'uwansu idan lalura ta same su, kamar yadda Kanawa suke ambaton Dawanau, Sakkwatawa su ambaci Kware.

Baƙin ciki ne ya sa dattijon nan ya faɗi abin da ya faɗa, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma fa ba tare da ya sani ba ya taɓo wata muhawara da manyan likitocin duniya suka yi fiye da shekara hamsin suna yi, watau ko ƙiyayyar jinsi, idan ta yi tsanani har ta kai mutum ga kisa, za a iya lissafa ta cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. Mun ga ya dace mu kawo zancen gaban 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, domin amsar da muka ba wa wannan tambaya ita za ta nuna wa za mu kai gaban alƙali, wa za mu kai gaban likita, sa'an nan kuma me za mu ce game da kanmu.

Asalin muhawarar daga Amurka ne. A ƙarshen shekarun 1960, bayan an sha kashe baƙar fata masu neman 'yanci a jihohin kudancin ƙasar, waɗansu likitocin ƙwaƙwalwa baƙar fata suka nemi ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da matsananciyar wariyar launin fata cikin kundinta na cututtuka. Ƙungiyar ta ƙi. Hujjarta kuwa abin mamaki ce: wai masu wannan hali sun yi yawa a Amurka har abin ya zama ɗabi'ar gari, saboda haka matsala ce ta al'ada, ba ta asibiti ba. Ɗaya daga cikin likitocin nan, Alvin Poussaint na Jami'ar Harvard, wanda ya yi aiki a Jihar Mississippi a tsakiyar shekarun 1960 yana duba masu zanga-zangar da aka yi wa duka, bai daddara ba. Ya sake tayar da maganar a jaridar New York Times a 1999, ya kuma maimaita ta a wata mujallar likitoci a 2002. Abin da yake cewa shi ne, mutumin da ya ƙudurce a ransa cewa wani jinsi ne ummul-haba'isin duk masifun duniya, kuma sai an kawar da su za a zauna lafiya, to, wannan ƙuduri nasa bai da maraba da ruɗun da likitoci suka saba gani wurin marasa lafiya. Idan aka yarda cuta ce, in ji shi, iyalai za su kai irin wannan mutum asibiti tun kafin ya ɗauki bindiga.

Ba za mu raina wannan magana ba. Mai ita ya ga jini da idonsa, kuma rigakafi yake nema. Akwai ma gaskiya a cikinta gwargwado. Duk ma'aikacin jinya da ya daɗe a ɗakin masu taɓin hankali ya san cewa ruɗun mara lafiya yakan ari rigar zamaninsa ya yafa. A da mutum yakan ce mayu ne suke bin sa. Yau wani zai ce 'yan wata ƙabila ne suka sa masa na'ura a waya suna sauraren tunaninsa. Irin wannan mutum mara lafiya ne, haƙƙinsa ne a ba shi magani, kuma sau da yawa idan maganin ya kama sai tsoron ya kwanta. Amma cutar da likita ya yi wa magani tana da sunanta tun da can. Ƙabilar da mara lafiyar ya ambata launi ce kawai da cutar ta ɗauko daga hirar gari. Har yau kundin likitocin Amurka bai shigar da wariyar launin fata cikin cututtuka ba, haka nan kundin Hukumar Lafiya ta Duniya wanda sabonsa ya fara aiki a 2022. Mu a wannan mujalla muna ganin sun yi daidai, ko da yake ba don hujjar da aka bayar a farko kaɗai ba.

A dubi yadda halin biyu suke. Mai ruɗun hauka shi kaɗai ne a duniyarsa. Matarsa ba ta yarda da shi ba, abokansa suna kauce masa, abin da ya ƙudurta yana raba shi da sana'arsa da barcinsa da mutuncinsa. Mai ƙiyayyar jinsi kuwa yana da jama'a. Yana da majalisa, ana yi masa tafi, idan ya yi magana a Facebook ko TikTok dubbai su yaɗa. Ya san inda zai yi maganarsa, ya san inda zai haɗiye ta. Idan maigidansa a ofis ɗan ƙabilar da yake zagi ne, da safe zai rusuna ya gaishe shi. Idan ciniki ya haɗa su a kasuwa zai ƙirga kuɗin daidai, ba ya kuskure ko na sisi. Sa'an nan a lura da lokacin da abin yake tashi: gab da zaɓe, ko lokacin rabon muƙamai, ko da kaka sa'ad da amfanin gona yake ƙasa shanu kuma suna neman burtalin da aka riga aka nome. Wace irin cuta ce wannan mai duba kalanda? Ruwa ba ya tsami banza. Duk inda ka ga ƙiyayyar jinsi ta yi ƙarfi, ka tona kaɗan za ka iske gona, ko rumfar kasuwa, ko kujera, da kuma wani mai cikakken hankali da ke zaune a inuwa yana lissafin ribarsa.

To, laifi tudu ne. Kafin mu nuna Uromi da yatsa ya kamata mu waiwayi namu tarihin. A watan Mayu na 1953 an yi kwanaki ana faɗa a Kano tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu mazauna Sabon Gari, mutane fiye da talatin suka mutu. A 1966, cikin watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba, an kashe dubban mutanen Gabas, yawancinsu Ibo, a garuruwan Arewa, har da filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa ta Kano, ɗaruruwan dubbai suka tsere suka bar dukiyarsu. Mun san abin da ya gabaci wannan, watau kisan Firimiyan Arewa Sir Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa a watan Janairu, kuma ba mu manta da zafinsa ba. Amma telan da aka kashe a shagonsa da akawun da aka jawo daga cikin jirgi ba su ne suka yi juyin mulki ba. Waɗanda suka kashe su fa? Ba daga asibiti suka tsero ba. Mutanen gari ne, waɗanda bayan ƙura ta lafa suka koma sana'arsu, suka yi aure, suka aurar, waɗansu suka tsufa ana girmama su. Kuma a cikin unguwannin nan, a cikin kwanakin nan, an sami waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a cikin ɗakunan matansu, suka raka su har inda za su tsira. Iska ɗaya suka shaƙa, jita-jita ɗaya suka ji. Wannan ya zaɓi ya ɗauki adda, wancan ya zaɓi ya buɗe ƙofa. Idan muka ce na farko hauka ne ya kama shi, mun zare masa laifi, mun kuma rage wa na biyu ladan jarumtarsa, domin mun mayar da shi mutumin da kawai ya yi sa'a annoba ba ta same shi ba.

Akwai wani darasi a Afirka ta Kudu wanda ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Hendrik Verwoerd, wanda ya zama Firayim Minista a 1958, shi ake ɗauka babban magini na mulkin wariyar launin fata. Shi ya tsara dokar ilmin baƙar fata ta 1953 wadda aka shirya musamman don kada yaro baƙi ya koyi abin da ya wuce aikin ƙarfi, kuma a zamaninsa ne 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville ran 21 ga Maris, 1960. Mene ne aikinsa kafin ya shiga siyasa? Farfesa ne a Jami'ar Stellenbosch, fanninsa kuwa ilmin halayyar ɗan Adam. Babu likitan da ya taɓa cewa yana da taɓin hankali, kuma ba shi da shi. Ya yi aikinsa da takardu da kwamitoci da kasafin kuɗi, cikin natsuwa. Amma da wani Bature manomi, David Pratt, ya harbe shi a 1960 bai mutu ba, sai kotu ta ce Pratt ba shi da lafiyar ƙwaƙwalwa, aka kai shi asibiti. Da wani masinjan majalisa, Dimitri Tsafendas, ya soke shi da wuƙa har lahira a zauren majalisa a watan Satumba na 1966, sai alƙali ya ce wannan ma mahaukaci ne, ba za a yi masa shari'a ba, aka kulle shi har ya mutu a 1999. Daga baya masu bincike suka tono bayanan da ya yi wa 'yan sanda, inda ya faɗi ƙarara cewa saboda manufofin Verwoerd ya kashe shi. Ba muna yabon kisa ba ne. Abin lura shi ne, gwamnatin wariya ba ta iya yarda cewa mai hankali zai ƙi ta har haka ba, saboda haka kalmar hauka ta faɗa kan wanda ya ƙi zalunci, mai zaluncin kuwa aka yi masa jana'izar girma.

Wannan ba sabon abu ba ne ga baƙar fata. A 1851 wani likita a Jihar Louisiana ta Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa ya gano wata cutar ƙwaƙwalwa da ke sa bayi gudu daga iyayengijinsu, har ya raɗa mata suna, ya kuma ba da shawarar bulala a matsayin rigakafi. Bayan shekara ɗari, wani likitan 'yan mulkin mallaka a Kenya, J. C. Carothers, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a 1953 yana kwatanta tunanin mutumin Afirka da na Baturen da aka yi wa tiyata aka lalata gaban ƙwaƙwalwarsa, a 1954 kuma ya bayyana yaƙin Mau Mau a matsayin rikicewar tunani, alhali kuwa mutanen Kikuyu ƙasarsu da aka ƙwace suke nema. Ɗan ƙasarmu Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauyukan Aro kusa da Abekuta a 1954, yana cikin waɗanda suka tashi suka rusa wannan shirme da hujja. Saboda haka idan aka ce mana a ba likita alƙalami ya riƙa rubuta wane ra'ayi ne cuta, dole mu tambaya: a hannun wa alƙalamin zai kasance gobe? A ƙasar da gwamna yakan sa a tsare matashi saboda rubutu a intanet, wa zai hana a wayi gari an ce mai sukar gwamnati yana fama da cutar ƙiyayya, a kai shi a ɗura masa allura?

Sai maganar shari'a. Sashe na 51 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadi cewa ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata a lokacin da rashin lafiyar hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin haramun ne. Shari'ar Musulunci ma ba ta ɗora wa mahaukaci hukunci, domin hankali sharaɗi ne na ɗaukar nauyi. Gaskiya ne ba kowace cuta ce take kai mutum wannan matsayi ba, kuma masu ra'ayin Poussaint sukan ce ba su nemi a saki kowa ba. Amma duk wanda ya san lauyoyi ya san cewa ƙofar da aka buɗe kaɗan ba ta daɗewa ba a wangale ta ba. Ƙasar Norway ta fuskanci wannan a zahiri. A watan Yuli na 2011 Anders Breivik ya kashe mutum 77, yawancinsu matasa, saboda ƙin Musulmi da baƙi da 'yan siyasar da yake ganin sun buɗe musu ƙofa. Likitoci biyu na farko suka ce yana da ciwon hauka. Aka naɗa waɗansu biyu, suka ce ba shi da shi. A watan Agusta na 2012 kotu ta yanke cewa da hankalinsa, ta ɗaure shi shekara 21 tare da damar ƙarawa muddin yana da haɗari. Mutumin da ya yi shekaru yana shiri, ya kama hayar gona don ya sayi takin zamani da zai haɗa bam ba tare da an zarge shi ba, ya sa kayan 'yan sanda don yara su matso kusa da shi, wannan ba mutumin da ya kasa sanin abin da yake yi ba ne. Iyayen yaran da yawa sun yi maraba da hukuncin, kuma muna jin iyalan mafarautan da aka kashe a Uromi za su fahimci dalili. Wanda aka kashe wa uba ba ya so a ce masa ƙaddara ce irin ta faɗuwar katanga. Yana so a kira mai laifi da sunansa a gaban alƙali.

Wani zai ce ai malamanmu ma sun kira irin waɗannan halaye cuta. Haka ne. Sun daɗe suna karantar da cewa girman kai da hassada da ganin fifikon asali cututtukan zuciya ne, kuma raina mutum saboda launinsa ko dangantakarsa reshe ne na girman kai. Amma a lura, ba su taɓa cewa mai girman kai an ɗauke masa hisabi ba. Sun kira shi mara lafiya ne don su ɗora masa nauyin neman magani, maganin kuwa tuba ne da horon rai da mayar da haƙƙi. Wannan ma'ana mun yarda da ita ɗari bisa ɗari. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauko kalmar cuta daga zauren malam a kai ta ɗakin likita kamar ma'anarsu ɗaya.

Abin da ya fi damunmu a cikin maganar dattijon nan, duk da haka, shi ne mutanen da ke kwance a Kazaure. Su wane ne? Mace ce da hankalinta ya gushe bayan haihuwa. Ɗalibi ne da ciwo ya kama a shekararsa ta biyu a jami'a. Magidanci ne da baƙin ciki ya danne har ya daina magana, ko saurayin da ƙwaya ta illata. Yawancinsu ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, kuma binciken likitoci ya daɗe da nuna cewa mai taɓin hankali ya fi zama wanda ake cuta a kan ya zama mai cutarwa. Shi yara suke jifa a titi, shi ake yi wa fyaɗe a kango, shi ake sa wa mari. Ba a manta da abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Kaduna da Daura a 2019 ba. Ƙasar nan ta zauna a kan dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawa, har zuwa watan Janairu na 2023 da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma likitocin wannan fanni a duk Nijeriya ba su kai ɗari uku ba, ga mutane fiye da miliyan ɗari biyu. A cikin wannan hali, duk lokacin da muka kira mai kisan ƙabilanci mahaukaci, muna koya wa jama'a cewa hauka da mugunta abu ɗaya ne. Sakamakonsa shi ne uba a Gwiwa ya ɓoye 'yarsa a ɗaki shekara da shekaru don kada a ce gidansu akwai hauka, wadda ta warke kuma ta rasa mijin aure, wanda ya warke ya rasa aiki. Mun ɗauki dattin masu lafiya mun shafa wa marasa lafiya.

Yanzu sai mu dawo gida sosai. Masarautar Kazaure, tun kafuwarta a hannun Ɗan Tunku wajen 1819, an yanko ta ne daga gefen Kano da Katsina da Daura, kuma ƙarni biyu na auratayya sun sa da wuya ka sami gida a Roni ko cikin garin Kazaure wanda zai rantse jininsa ɗaya ne tak. Kakanninmu har sun ƙirƙiro hanyar huce haushi ta wasan barkwanci, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, a yi ta zolaya a rabu ana dariya. Amma a 'yan shekarun nan wata sabuwar murya ta taso a wayoyinmu, mai raba Hausa da Fulani kamar ruwa da mai. Tushenta sananne ne. A Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga, da yawansu Fulanin daji, sun ƙone ƙauyukan manoma sun sace mata da yara, 'yan sa-kai kuma sun sha kashe Fulani a kasuwanni ba don an kama su da laifi ba, sai don kamanninsu. Raunin na gaske ne, wanda aka kashe wa nasa ba za a ce masa ya yi shiru ba. Amma masu zama a ɗaki suna shirya bidiyo cewa duk Bafulatani ɗan ta'adda ne, ko duk Bahaushe maƙiyin makiyayi ne, yawancinsu ba a taɓa musu ko akuya ba. Masu ilmi ne, waɗansu abokan karatunmu ne, suna ƙirga mabiya suna jiran kuɗin talla ko kiran ɗan siyasa. Kuma ga abin da ya kamata ya hana mu barci: hukuncin da aka yanke wa mafarautan nan a bakin titin Uromi, watau a kalli fuskar mutum da tufafinsa da harshensa a ce wannan irin masu satar mutane ne, shi ne dai hukuncin da muke tura wa juna a waya game da makiyayin da ke sayar mana da nono. Wanda ya tare motar bai tsaya tambayar wane ne Bahaushe wane ne Bafulatani ba.

Ga matasan ma'aikata kuwa, maganar ta fi kusa da ku fiye da yadda kuke zato, domin wariya mafi daɗewa ba a kan titi ake yin ta ba, a kan tebur ake yin ta. A Ruwanda a 1994, katin shaida mai ɗauke da sunan ƙabila, wanda 'yan mulkin mallakar Beljiyam suka shigo da shi tun shekarun 1930, shi ake dubawa a shingen hanya kafin a sare mutum, kuma akawuna ne masu kyakkyawan rubutu suka yi ta cika shi shekara da shekaru. Namu bai kai nan ba, Allah ya kiyaye. Amma wanda ke zaune a sakatariyar ƙaramar hukuma ya san yadda takardar shaidar ɗan asali take fitowa cikin yini ɗaya ga wani, ta yi wata uku a ƙarƙashin fayil ga wanda aka haifa a garin amma sunan kakansa ya yi baƙo a kunne. Ya san yadda ake duban ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, ko yarinyar da iyayenta suka kawo Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Kazaure daga wata jiha mai nisa. Ya san yadda ƙarar makiyayi da ta manomi suke samun kunne daban-daban, gwargwadon wanda ke kan kujera. Babu ɗaya daga cikin masu yin wannan da ke bukatar ganin likita. Suna bukatar shugaban da zai tambaye su dalili a rubuce, da abokin aikin da zai ce musu a'a a gaban mutane.

A namu ɓangaren, daga wannan fitowa mujallar nan ba za ta ƙara buga wasiƙa ko maƙalar da ta kira mai ƙabilanci ko mai kisa mahaukaci ba; za mu mayar wa marubucin ya nemo kalmar da ta dace, Hausa ba ta rasa su ba: azzalumi, mai kisan kai, mai hura wutar fitina. Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su nemi izinin hukumar asibitin Kazaure, su shirya ziyara kafin hutun ƙarshen zango. A tafi da sabulu da tabarmi da 'yan kayan marmari, a bar wayoyin ɗaukar hoto a aljihu, a zauna a gaisa da mutanen. Masu son zuwa su ba da sunayensu a ofishin mujalla.